Surukina Jikan Ɓarawon Coci

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama a kan matattakala ba, ɗiyata ta biyu ta dawo daga aiki ta tarar da ni a ɗakinmu na Stains, unguwarmu a gefen Paris, ta bar kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ce tana da magana. Duk uban da ƴarsa ta ƙi kujera ta nemi ƙasa ya san ba labarin aiki aka kawo masa ba. Na dubi mahaifiyarta, na ga ta duƙufa tana tsince shinkafa, shinkafar kanti ta cikin leda wadda ko tsakuwa ɗaya babu a cikinta. Nan na gane ni ne na ƙarshe da labarin ya iso wa, kamar yadda aka saba a gidan.

Yaron Bature ne, amma ba na Faransa ba, ɗan Kanada ne. Wurin aiki ɗaya suke a Paris, cikin masu binciken magunguna. Ta ce ya musulunta, yana salla, har azumi ya yi, irin na lokacin zafi da rana take ƙin faɗuwa a ƙasar nan. Na ce to, a kawo shi in gani.

Ya zo ranar Lahadi. Dogo ne har sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, kuma na lura durƙuson bai yi kama da wanda aka koya masa jiya ba. Faransancinsa kuwa wani iri ne, kamar mutum yana magana da goro a kumatu. Na yi masa tambayoyi uku da ake yi wa kowane mai neman aure. Ɗan waye? Ya ce mahaifinsa manomin alkama ne. Wane gari? Ya faɗi sunan wani ƙauye da aka sa wa sunan waliyyinsu, can yammacin ƙasarsu, ya ce ko a taswira sai an sa tabarau. Sai na ce, da ka bar addinin gidanku, me mahaifinka ya ce?

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Bai ji daɗi ba, Baba."

Ni ba malami ba ne. Lakwal, wato boko, a aji huɗu na tsaya, allo kuma na tsaya a daidai inda malam ya gaji da ni. Sauran ilimina a titunan Paris na samo shi, cikin motar shara, kuma ba su ba da takardar shaida a can. Amma akwai abu ɗaya da na taso da shi daga Damagaram: yaron da ubansa ya sallama shi, ba a ba shi ɗiya. Wanda ya fito gida babu albarka, duk gidan da ya shiga da rashinta zai shiga. Musuluntarsa ta yi mini daɗi, ba na ɓoyewa. Sai dai ina so in san ko ya fito ta ƙofa ne ko ta kan katanga. Na gaya wa ɗiyata zan yi bincike, in na tarar ubansa ya juya masa baya, to babu aure. Ta ce ta ji. Ta ce ba za ta yi aure ba sai da yardata, kuma ba za ta kawo wani ba bayan wannan. Ta faɗa a hankali, irin faɗar uwarta, wadda ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

Saura yadda za a yi binciken. A gida abin ba wuya. Sai ka tura mutum unguwarsu yaron ya zauna wajen mai shayi ko mai tsire, kafin a kira la'asar ya san har kakar da ta taɓa gudu daga ɗakin miji. To nan fa teku ce a tsakani. Ɗiyata ta ce in kira mahaifin ta waya. Na ce ba a binciken asali ta waya, don waya ba ta nuna inda mutum ya kai idonsa kafin ya amsa. Kuma ba a tambayar mai abu, maƙwabci ake tambaya. Sai ta ce ai yana da gwaggo nan Faransa, a garin Lyon, yayar mahaifinsa, masera ce, irin matan nan na coci da ba su aure, ta tsufa tana zaune a gidan tsofaffinsu. Na ce madalla, gwaggo ta fi maƙwabci, don gwaggo ba ta iya riƙe magana.

Na nemi abokina ya raka ni. Bafillace ne, mun zo ƙasar nan kusan lokaci ɗaya, ya je hajji ya dawo da ƙarin tsanani, kuma tun da ni jinin Barebari ne ba mu taɓa yini ba mu yi faɗa ba. Muka sayi goro wajen wata mata a Porte de la Chapelle, muka hau jirgin ƙasa. Tun daga tasha har Lyon yana yi mini fatawa kan ko ya halatta a shiga gidan maseru. Da muka isa kuwa shi ya riga ni shiga, don a waje ana iska mai sanyi, babbar rigarsa kuma ta ado ce, ba ta tare komai.

Gidan yana kan tudu, da lambu a gaba. Aka zaunar da mu a ɗakin baƙi mai ƙanshin miya da man goge daɓe. Sai ga tsohuwa ƴar ƙarama tana tura keken nan na masu ciwon ƙafa, idonta tar kamar na kaza mai ƴaƴa. Na miƙa goro ina shirin yin bayanin ko mene ne. Ta karɓa, ta zaɓi fari, ta ɓare shi da babban yatsa, ta jefa rabi a baki. Ashe ta yi shekaru tana aikin asibitin karkara a Chadi. Ta ce ta san abin da ya kawo mu, kuma ita ma tana da tambayoyi, tun da ta girme mu ita za ta fara.

Aka fara binciken asali, amma nawa. Matana nawa? Ƴaƴa mata duk sun yi karatu? In an yi auren zan bar yarinyar ta ci gaba da aiki? Me ya raba ni da garinmu? Ina aika wa ƴan'uwana abu ko na manta da su? Ina amsawa ina gumi, abokina yana gefe yana gyaɗa kai kamar shi ne alƙali. Da ta gama ta ce ba laifi, na ci. Sa'an nan ta ce in yi tawa.

Na ce ta ba ni labarin garinsu tun daga tushe. Ta ce su ba su cewa gari, parwas suke cewa, wato coci da gonakin da suke kewaye da shi da mutanen da suke jin ƙararrawarsa. Duk wanda ƙarar take kai wa kunnensa ɗan parwas ne.

Ta ce asalinsu mutanen gabas ne, daga Kebek, bakin wani babban kogi. Can gonaki sun ƙare. Mutum ya haifi maza goma, gona ɗaya, a raba a sake rabawa har ta koma kamar ɗan tsiri na saƙi. Sai wani mompera, wato limaminsu na coci, ya riƙa bin ƙauyuka yana cewa a yamma akwai ƙasa ba iyaka, a zo a tafi tare, a kafa gari na masu Faransanci da addini ɗaya, kada a watse cikin masu Ingilishi. Kakanta yana cikin waɗanda suka amsa. Suka shiga jirgin ƙasa da mata da yara da garmuna har inda layin dogo ya ƙare, suka ci gaba da amalanke. Inda suka sauka fili ne fetal, ciyawa iya ganinka, ta ce ko bishiyar da mutum zai rataya hula babu. Da ƙasa da saiwar ciyawa suka yanka tubali suka yi ɗakunan farko.

Na ce, ƙasar ba ta da masu ita? Ta daina tauna goron. Ta ce da masu ita, kuma su ne suka nuna wa kakanninta inda ruwa yake da yadda ake tsira daga sanyi, daga baya hukuma ta matsa da su gefe, mutanen parwas kuma ba su tambayi inda aka kai su ba. Ta ce wannan ba a faɗa musu suna yara ba, da girmanta ta sani. Daga wannan amsa na fara yarda da tsohuwar, don mai son rufe aibin gidansu da a nan zai fara.

Sanyin shekarar farko ya ɗauki mutane, cikinsu har da kakarta. Ba coci, ba maƙabarta. Kakan ya binne matarsa a kan wani ɗan tudu cikin gonarsa, ya ce ya ba da wurin, a gina coci a nan kusa da ita. Kafin a gina, a ɗakinsa ake taruwa in mompera ya zo a kan doki, wani lokaci sai an yi watanni ba a gan shi ba, yara su taru ba a yi musu wankan shiga addini ba, ma'aurata su yi ta jira. Katako kuwa daga bakin wani kogi mai nisa suka jawo shi a kan ƙanƙara. Kowane gida ya ba da hannu. Da aka gama suka haɗa alkama suka sayar, suka aiko nan Faransa aka ƙera musu ƙararrawa. Ta ce da ta iso sai da aka sa mata farar riga, aka yi mata addu'a, aka raɗa mata suna na mace. Abokina ya tambaye ni da Hausa ko an yanka rago. Na ce ya yi shiru, muna bakin aiki.

Ta ba mu labarin makarantarsu ma, yadda hukuma ta hana koyarwa da Faransanci, in an hango mai duba makarantu daga nesa sai yara su tura littattafai ƙarƙashin benci su ɗauko na Ingilishi. Na yi dariya har ta tsaya tana kallona. Na ce mata mu a lakwal in ka yi Hausa wani ƙashi ake rataya maka a wuya, ka yini da shi sai ka kama wani yana Hausa ka rataya masa, kuma masu Faransancin ne suka kawo mana wannan. Ta ce ai kowa da wanda ya fi ƙarfinsa.

Sai aka zo kan dogo. Shekaru bayan an kafa parwas, aka shimfiɗa hanyar jirgi, amma ba ta bi ta cocin ba, ta ratsa can nesa, tafiyar da doki zai yi gumi. Aka gina tasha da rumbun alkama, mai kanti ya koma can, maƙeri ya bi shi, sabon gari ya fara tashi. Samari suka ce a mayar da coci bakin tasha, in ba haka ba masu Ingilishi za su cika wurin, parwas ya mutu a kan tudu shi kaɗai. Tsofaffi suka ce ba a barin matattu. Kakan ya ce ƙasarsa ce, matarsa tana nan, cocin ba ya motsawa. Shugaban samarin kuwa babban ɗansa ne, mahaifin wannan tsohuwa, wato kakan yaron da yake neman ɗiyata.

Ta ce wata rana cikin tsananin sanyi tsohon ya tafi wani gari sayar da alkama. Ɗansa ya tara samari da dawakin parwas kaf. Suka ɗaga cocin daga kan duwatsun da yake zaune, tun da na katako ne, suka zura gumagumai a ƙarƙashinsa, suka ɗaure da sarƙoƙi, suka ja shi a kan dusar ƙanƙara da rana tsaka, ƙararrawa tana kaɗa kanta duk hanya. Da tsohon ya dawo, sai duwatsu huɗu da kaburbura ya tarar.

Abokina ya matso kunnena ya ce mu tashi, bincike ya ƙare, akwai sata a dangi, kuma ba satar kaza ba, ɗakin ibada sukutum. Na ce masa Alhaji, kai da kakanninka suke naɗe gida su ɗora wa sa kowace damina, kai ne za ka yi mamakin gida ya yi tafiya? Ya ce su nasu suke naɗewa. Gaskiya ya fi ni hujja a nan, kuma ni ma na shiga damuwa. Ba satar ce ta dame ni ba. Ɗa ne ya yi wa ubansa haka, ga shi jikansa ma ya bar hanyar ubansa. Na fara tunanin abin a jini yake, na fara shirya yadda zan gaya wa ɗiyata.

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma tana jin fuska. Ta ce mu zauna, ba ta kai inda za ta ba.

Ta ce suna da wata al'ada da suka taho da ita daga gabas. Safiyar ranar farko ta sabuwar shekara, kafin a ci komai, babban ɗa yakan je gaban mahaifinsa ya durƙusa, ƙannensa a bayansa, ya roƙi albarka. Uban ya ɗora masa hannu a ka ya sa musu albarka. Ba mompera ke yi ba, uba ke yi, a cikin gida. To shekarar da aka ja cocin, ɗan ya zo ya durƙusa. Tsohon ya tashi ya fita wajen dawaki. Shekara ta zagayo ya sake zuwa, tsohon ya juya fuska bango. Ya yi aure, ya haihu, ya riƙa zuwa da matarsa da ƴaƴansa cikin wannan sanyi, su durƙusa a kan katakon ɗaki, su tashi su koma ba a ce musu komai ba. Tsohon bai taɓa taka cocin a sabon wurinsa ba, ranar Lahadi kan tudu yake zuwa ya tsaya tsakanin duwatsun nan ya yi addu'arsa. Ita kanta ta yi wannan durƙuso tana yarinya, ta ce abin da take tunawa shi ne sanyin katako a gwiwa da ƙanshin naman da ba za su ci ba.

Na ce, bai taɓa fashi ba? Ta ce ko shekara ɗaya. Har wata shekara, tsohon ya rage ƙarfi ba ya iya fita wajen dawaki, suka durƙusa kamar kullum, sai suka ji ya yi gyaran murya. Ya miƙa hannu ya ɗora a kan ɗansa, wanda shi ma a lokacin ya fara furfura, ya ce:

"Cocin ban yafe ba. Kai kuwa, Allah ya yi maka albarka."

Ta ce daga ranar maganar ta zauna a gidansu. Duk uban da ɗansa ya yi masa abin da ba zai iya haɗiyewa ba, haka yake cewa. Ya ajiye laifin a gefe da sunansa, ba ya ƙaryar ya manta, sa'an nan ya sa albarka.

Na ce to yaron fa? Ta ce da ya gaya wa mahaifinsa ya musulunta, ƙanen nata ya ajiye waya, ya yi watanni ba ya ɗauka. Shi ne mai kaɗa ƙararrawar nan yanzu, shi ke share dusar ƙanƙara a ƙofar coci, a parwas ɗin da ya rage tsofaffi kaɗan. Yaron bai yi gardama ba, bai aika dogon bayani ba. Ƙarshen shekara ya hau jirgin sama, ya isa, safiya ta yi ya durƙusa a kan wannan katako. Uban ya daɗe yana kallon taga. Daga baya ya ɗora hannu ya faɗi maganar kakansu, kalma ɗaya kawai ya canza, ya sa musuluntar a wurin cocin.

Na ce me ya hana yaron gaya mini haka da na tambaye shi? Ta ce tambayar da na yi masa ita ce me uban ya ce da ya bar addini, kuma gaskiya ya faɗa mini, bai ji daɗi ba, har gobe bai ji ba. Albarka kuwa ba abin da mutum yake ɗauka ya nuna wa baƙi ba ne. Sai ta nuna ni da sauran goron, ta ce in sani ita ma ba ta yafe ba, kullum tana roƙon Allah ya dawo da shi. Na ce ta ci gaba, mu ma muna namu roƙon, Mai amsawa ɗaya ne, ya san wanda zai saurara. Ta yi dariya har da tari. Da za mu tafi ta ƙara mana da cewa yanzu mompera sau ɗaya a wata yake zuwa parwas ɗin, kuma baƙar fata ne daga Afirka. Abokina ya ce ashe an rama.

A jirgin komawa ya sake tayar da maganar sata. Na gyara zama na ba shi fatawata ta mai aji huɗu. Na ce abin da aka ɗauka da rana tsaka, ƙararrawa tana shela, aka ajiye inda mai shi yake hange, ba sata ba ne, rashin kunya ne, rashin kunya kuwa babu dangin da ba shi da rabonsa. Abin da na je nema shi ne ko gidan suna sanin hanyar komawa gaban uba. Na tarar sun sani, har gwiwarsu ta yi kanta. Ya ce dama tun a Paris na yanke hukunci, goro kawai na ɓata. Ƙarya yake yi, Bafillace ne. Da tsohuwar ta tsaya a kan duwatsu huɗun nan, da a'a zan kai gida, kuma na san abin da a'ar za ta ci mini.

Na isa gida na tarar da ɗiyata da uwarta a zaune, an kashe talabijin. Na cire hula, na nemi ruwa, na sha a hankali, don uba ma yana da haƙƙin ya ja rai. Sa'an nan na ce a gaya wa jikan ɓarawon coci ya turo manyansa.

Mahaifinsa ya zo ɗaurin aure. Ya tsaya can baya, hula a hannu, har aka shafa fatiha. Da muka gaisa na ji tafinsa kamar ƙotar fartanya. Na ce masa na ji labarin cocinsu. Ya ce har yanzu in an shiga ana ganin inda bango ya tsage a hanya. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu. Ba a daɗe ba aka ba surukin nawa aiki a Lyon, ya kwashe ɗiyata suka koma can, ɗakinta a Stains ya zama wurin ajiye akwatuna.

Bayan wasu shekaru mahaifin ya rasu, gwaggon ma ta riga shi. Ƙarshen wannan shekara ni da maiɗakina muka je Lyon hutu wurinsu. Safiyar ranar farko ta shekara ina zaune a falo ina jiran shayi, sai surukina ya fito ya tsaya a gabana yana murza hannu. Na ɗauka wani abu ya lalace a gidan. Sai kawai ya durƙusa, gwiwa biyu, ya sunkuyar da wannan dogon kai, ɗiyata ta zo ta durƙusa a bayansa.

"Baba, ba ni da wanda zan je wa bana."

Na yi saurin lissafi irin na malamin da ba a shirya masa tambaya ba. Sabuwar shekarar nan ba tawa ba ce, ta Nasara ce. Amma ban taɓa jin an ce albarka tana da kalanda ba. Na ɗora hannu a kansa, na buɗe baki zan yi irin tamu, sai na tuna gidan da ya fito, na ga bai kamata in ba shi rabin abu ba. Na ce:

"Ɗiyata da ka jawo Lyon, ka bar mu da duwatsu huɗu, ban yafe ba. Kai kuwa, Allah ya yi maka albarka."

Kafaɗunsa suka yi ta rawa, ban sani ba ko dariya ce ko ɗayan, ban kuma leƙa ba. Maiɗakina daga kicin ta ce amin, ta ce shayi yana hucewa.

Yau in na tuna, abin da yake ba ni mamaki shi ne na tafi Lyon da goro don in auna gidan wasu, na dawo da abin da ban da shi a nawa. Mu mun iya sa albarka, mun kuma iya fushi, amma ni dai ban taɓa sanin ana iya riƙe su biyun a hannu ɗaya ba, sai da na ji labarin wani tsoho mai taurin kai a ƙauyen da ban taɓa gani ba, ba kuma zan gani ba, don sanyin Paris ma da ƙyar muke zaman lafiya da shi. Ƴaƴana maza ba su san daga ina sauƙin da suka samu a wurina ya fito ba, suna zaton tsufa ne. Surukin nawa kuwa bai taɓa fashi ba, kowace shekara yana zuwa, in bai samu zuwa ba ni nake hawa jirgi. Abokina yana cewa na zama limamin Kanada. Ni dai har yanzu ban yafe ba, kuma ina fatan in daɗe ban yafe ba.